Sabon Mazubi da Shirun Rediyo

4 ga Yuni

Zuwa ga Kawu,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da Gwaggo da 'yarku Nas. Ni ne Dogo, ɗan marigayi Mafarauci. Baba ya sha gaya mini cewa kakarsa da kakarka ciki ɗaya suka fito, amma ni sau biyu kawai na taɓa ganinka, na biyun ranar da ka zo yi mana gaisuwar rasuwarsa. Na san waya ba ta yi maka amfani tun da injinan kamfani suka taɓa maka kunne, shi ya sa na rubuto. Direban motar kaya da ke bi ta unguwarku ya ce zai riƙa kai mana.

Mu nan lafiya lau. Maiɗakina tana zuwa koyarwa da safe. 'Yarmu, wadda Baba ya laƙaba wa Rediyo saboda bakinta ba ya hutawa, ta shiga shekara ta uku. Jiya ta tsare kaza a bakin ƙofa tana yi mata faɗa wai ta taka mata takalmi.

Abin da ya sa na rubuto shi ne aladun daji sun dawo gonar, masara kuma ta fara tasowa. Bindigar Baba tana wurina, takardarta ma na sabunta, harsashi ne babu. Ka san shi bai taɓa saye ba, da kansa yake zuba abinsa da dalmar tsofaffin bututun ruwa. Mazubinsa ya tsage a hannuna, na sayo sabo mai baki biyu, yana ta ƙyalli da maiƙo a jikinsa. Sati biyu ke nan ina fama. Duk wanda na zuba sai ya fito da tamoji kamar fuskar tsohuwa, wani gindinsa bai cika ba, wani kuma ya maƙale sai na ƙwanƙwasa da itace.

Shekara ashirin ina kallon Baba yana wannan aiki ban taɓa tambayarsa komai ba, nawa fifita gawayi ne. Yanzu ba ni da wanda zan tambaya sai kai da ka yi shekara talatin kana narka dalma a kamfanin batir.

A ƙarƙashin rumfa nake yi, can wajen katanga, don maiɗakina ta ce in yi nesa da yarinyar, ba ta yarda da warin ba. Shekaranjiya ɗigon ruwan sama ya faɗo cikin tukunyar da nake narka dalmar, ta yi tartsatsi ta huda mini hannun riga.

Tun da Baba ya tafi ba na jin komai sosai, Kawu, daɗi ko zafi. Wannan aikin ne kawai nake zama a kansa har in ga rana ta yi.

Ɗanka,
Dogo


15 ga Yuni

Dogo ɗan Mafarauci,

Na sami takardarka, na kuma gode da ka tuna akwai wani tsoho a duniya. Mu ma lafiya, sai ƙafar Gwaggonka da ba ta rabo da ciwo, da idona da ya fara yana. Rubutunka kuwa kamar kaji sun yi tsere a kan takarda. Sai da na kai ta bakin taga, na tsinci abin da zan iya tsinta. A gaida malamar gida, a shafa mini kan Rediyo. Ubanka ma haka yake da surutu yana yaro, gado ba ya ɓata.

To, mazubinka lafiyarsa ƙalau, kai ne ba ka san halin sabon ƙarfe ba. Wannan maiƙon da kake yabo shi ne abokin gabarka na farko. Masu ƙira ne ke shafa shi don tsatsa, in dalma ta same shi sai ya ƙone ya bar mata tamoji. Ka wanke shi da ruwan zafi da sabulu, ka sa tsohon buroshin haƙori ka bi lungu-lungu, sannan ka busar da shi ƙarau. Na biyu, sanyi. Ka tuna ubanka yana ajiye nasa a gefen murhu ya tsaya shan shayi? Kai ka ɗauka lalaci ne, shi kuwa jira yake ƙarfen ya ɗauki zafi. Goman farko da ka zuba kada ka ma dube su, na ɗumama mazubi ne. Sannu ba ta hana zuwa.

Maganar da ta fi tayar mini da hankali ita ce ta ɗigon ruwa. Ruwa da narkakkiyar dalma ba sa ga-maciji. A sashenmu akwai wani da muke kira Mai Gemu, gumin goshinsa ne kawai ya ɗiga, har ya bar aiki da ido ɗaya yake ganin hanya. Ka tashi daga rumfar nan tun kafin ta ci ka. Ka sami ɗaki mai rufin kirki ka koma, ka kuma rufe taga, don iskar da ke kaɗawa ita ke sace maka zafin mazubi tsakanin zubi da zubi.

Batun rashin jin komai, na sani. Da uwata ta rasu wata shida na yi ina cin abinci kamar ina tauna takarda. Yana wucewa, amma ba ya sallama in zai tafi. Ka ci gaba da aikinka, hannu in yana motsi zuciya takan biyo shi.

Kawunka


1 ga Yuli

Zuwa ga Kawu,

Bayan gaisuwa, Allah ya ba Gwaggo sauƙin ƙafa, kai ma ya ba ka na ido. Zan ƙara girman rubutun.

Muna nan. Ni dai ciwon kai ne yake zuwa yana tafiya, bakina kuma kamar na tsotsi ƙusa. Rediyo ta rage surutu kwana biyu. Ba ta damun kowa, sai ta sami wuri ta zauna. Abinci ma sai an bi ta da shi. Uwarta ta ce ko tsutsar ciki ce.

Na yi yadda ka ce. Na koma ƙaramin ɗakin da ke jikin kicin, inda muke ajiye buhuna, na rufe tagar na toshe inda gilashi ya fashe da kwali. Maiɗakina ta yi magana, na nuna mata takardarka na ce wanda ya yi shekara talatin a cikin abin ne ya faɗa. Ta karanta ta miƙo mini. Da safe nake yi in ta tafi makaranta, yarinyar tana wurina, sai in shimfiɗa mata tabarma daga bakin ƙofa ta ciki inda zan riƙa ganinta, nesa da wutar.

An sami ci gaba. Tamojin ya ragu, amma cikin goma huɗu ne kawai zan iya cewa sun yi. Bakin dama na mazubin ya fi ba ni matsala, har yanzu yana riƙewa, kuma yana barin wani siririn gefe a inda ƙarafan biyu suka haɗu. Ina bin waɗannan da magagari ina gogewa, ɗakin duk ya yi ƙura mai toka-toka. Waɗanda suka lalace ina tara su a tsohon gwangwanin madara a ƙasan tebur, ya kusa cika. Dattin dalmar da nake kwashewa daga saman tukunyar kuma ban san inda zan kai shi ba, yana nan a kusurwa.

Aladun sun shiga ta gefen rafi ranar Talata. Na je na gani, na tsaya, na dawo.

Ɗanka,
Dogo


9 ga Yuli

Dogo,

A gurguje, direba yana tsaye a ƙofa yana danna mini oda. Muna lafiya. Ka ce Rediyo ta yi shiru, to ko batir ne ya yi sanyi? Ku gode wa Allah ku huta, yaro in ya fara hankali haka yake yi. Ciwon kanka kuma rashin barci ne da tunani.

Bakin da ke riƙewa, ka kunna kyandir ka bi cikinsa da harshen wutar har ya yi baƙi, hayaƙin nan shi ne man da dalma ta yarda da shi. Siririn gefen kuwa alama ce ƙarafan ba sa haɗuwa daidai. Ka ɗaga mazubin a rufe ka duba ta haske, za ka ga wani ɗan ɗigon dalma ya manne a fuskarsa. Ka cire shi da tsinke, kada ka kusanto da wuƙa. In ka yi haka ka huta da magagari.

Ranar Litinin za a yi mini aikin idon. Nas ta ce abin minti ashirin ne, ni dai na ce mata wanda za a yanka shi ya san tsawon minti.

Kawunka


21 ga Yuli

Zuwa ga Kawu,

Ina fatan an yi aikin lafiya, Allah ya sa kaffara ne. A gaida Gwaggo da Nas.

Mazubi ya yi. Ɗigon yana nan inda ka ce, bai kai ƙwayar gero ba. Na cire, na yi masa hayaƙin kyandir, yanzu da na buɗe suke faɗowa da kansu, sumul, babu tamoji ko ɗaya. Na jera ashirin a kan tebur na daɗe ina kallonsu. Na zaci zan ji wani abu. Baba dai da ya gani da ya ce ba laifi, ka san iyakar yabonsa ke nan.

Rediyo ce ba ta jin daɗi. Tana riƙe ciki tana kuka marar ƙarfi, ta yi amai sau uku a satin nan, kwana huɗu kuma ba ta yi bayan gida ba. Mai kemis ya ba mu maganin tsutsa da na ƙarin jini, ya ce idonta ya yi fari. Tafiya ma sai ta riƙa tuntuɓe a inda babu komai. Abin da kawai ke sa ta zauna lafiya shi ne gwangwanin nan na lalatattu. Takan juye su a tabarma ta jera, ta mayar, ta sake juyewa. Wani lokaci in ga kumatunta ya kumbura, in sa yatsa in ciro ɗaya, tana tsotsa kamar alewa. Ina lura kada ta haɗiye.

Kalmominta sun ragu ƙwarai. Da takan ce ruwa, yanzu sai ta nuna randa.

Ɗanka,
Dogo


11 ga Agusta

Kawu,

Sati uku da rubuto maka ban ji daga gare ka ba. Direba ya ce ya ba Gwaggo takardar hannu da hannu. In maganar da na yi ce ta cewa Baba ne zai yaba, ban kuma yi maka godiya yadda ya kamata ba, ka yi haƙuri, ba raini ba ne. Kai ka gyara mazubin nan, na sani. Na gode.

Yarinyar tana nan yadda take, ko ma in ce ta ɗan ƙara. Barci take yi da yawa. Uwarta ta ɗauki hutu daga makaranta.

Dogo


23 ga Agusta

Dogo,

Nas ce ke rubuta wannan, ni nake faɗa. Ka ajiye duk abin da kake yi ka karanta har ƙarshe.

Ba fushi na yi ba. Aikin idon ne ya ɓaci, ya kumbura, aka sake kwantar da ni, aka naɗe mini fuska kusan wata guda. Gwaggonka ta sa takardunka biyu a ƙarƙashin matashi tana jiran in warke in karanta abina da kaina. Yau da safe Nas ta zo na ce ta karanta mini. Da ta kai wurin gwangwani sai ta dakata, ta nemo tsofaffin takardunka ta duba. Na ce ta ci gaba, ta ce, "Baba, kai ka ce ya rufe taga?" Ta kira lambarka da ke jikin ambulan ya fi sau goma, ba ta shiga.

Dalma ce ke cin yarinyar nan. Ba tsutsa ba ce. Ka ɗauke ta yau, ba gobe ba, ka kai ta babban asibiti, ka ce a auna dalma a jininta. In likita ya ce zazzaɓi ne ka nuna masa wannan takardar. Ka gaya masa tana tsotsar ta, tana zama cikin ƙurar magagari, a ɗaki rufe, wata biyu. Kai ma a auna ka, da uwarta. Ka kulle ɗakin nan. Kada a share shi da tsintsiya, ƙurar tashi za ta yi, sai da tsumma mai ruwa. Tabarmar a yar. Kayan da kake aiki da su kada su sake haɗuwa da nata a wanki.

Dogo, a kamfani ba a barin mu fita sai mun yi wanka. Kayan aikinmu a can ake karɓewa a wanke. Duk wata shida ana ɗibar jininmu, mace mai ciki ko ƙofar sashenmu ba ta zuwa. Na san wannan kamar yadda na san sunana. Ka tambaye ni tamoji na amsa maka tamoji. Na sa Nas ta sake karanta mini takardarka ta ɗaya ga Yuli, ga tabarmar nan a ciki, ga ƙurar, ga bakinka da ke ɗanɗanon ƙusa, duk ka rubuta. Ni na tsallake su ina neman inda ka yi maganar mazubi, har da yi wa yarinyar ba'a. Matarka ta fi mu gaskiya tun ranar farko, kuma da takardata ka rufe mata baki. Garin neman gira na sa ka taɓa ido.

Ba na neman ka ce komai a kan wannan yanzu. Ka tashi ka tafi.

Kawunka


30 ga Satumba

Zuwa ga Kawu,

Bayan gaisuwa, ina fatan idon ya sauka. A yi wa Nas godiya. Wayata ta faɗa ruwa a gona tun watan jiya, ban gyara ba.

Takardarka ta same mu a asibiti. Kwana huɗu kafin ka rubuta ta, da hantsi, yarinyar tana zaune a cinyar uwarta sai jikinta ya sandare ta fara jijjiga. Muka kai ta. Suka ce zazzaɓi ne ya hau kai, suka sa mata ruwa da allurai, jijjigar ta tsaya ta sake dawowa. Direba da ya tarar da gidan a kulle, maƙwabta suka kwatanta masa, ya biyo mu har gadon da take. Na karanta a tsaye a baranda. Na kai wa likita, shi ma ya karanta a tsaye, ya tambaye ni ko wane ne ya rubuto, na ce kawuna ne. Ya ce a ɗebi jini a aika. Da sakamakon ya dawo ya faɗi wata lamba, ya ce ta ninka abin da ake tsoro sau da yawa. Ban riƙe lambar ba. Hoton ciki ya nuna harsashi guda biyu a hanjinta, ashe ta haɗiye ban gani ba. Sun fitar da su da magani.

Kwana ashirin da shida muka yi. Likitan ya ce ba don takardar ba da sun ci gaba da maganin zazzaɓi har abin ya wuce gyara. Na ga ya kamata ka san wannan. Sauran maganar da ka yi ta laifi, ban san me zan ce ba. Kai taga ka ce in rufe. Gwangwanin ni na ajiye shi a inda hannunta zai kai.

Ni ma an samu a jinina, ina shan magani. Na uwarta kaɗan ne. Ba ta yi mini faɗa ba har yau, ko sau ɗaya. Takan zuba mini abinci ta ajiye, ta koma wurin yarinyar. Da ta yi faɗan da ya fi mini.

Mun dawo gida sati biyu ke nan. Na goge ɗakin da tsumma sau bakwai, na kankare ƙasan na sake yi masa siminti, na sa kwaɗo. Mazubin da tukunyar na sa su cikin buhu na aika da su gona. Masarar aladu sun gama da ita, maƙwabcin gona ne ya gaya mini, ban je ba.

Yarinyar tana tafiya yanzu, tana ci. Magana ce babu. Ba ta cewa ruwa, ba ta cewa Mama, kuka ma ba ta yi, sai dai hawaye ya zubo. In an kira ta takan juyo wani lokaci. Na tambayi likita ko bakin nata zai dawo, ya ce wasu yaran yana dawo musu, wasu rabi, a kawo ta duk wata a auna, kada mu gaji da yi mata hira. Uwarta tana yi, daga safe har yamma, tana nuna mata cokali tana cewa cokali. Ni in na zauna gabanta sai in rasa abin faɗa.

Jiya da la'asar ina zaune a bakin gado sai yarinyar ta shiga ƙarƙashinsa, ta jawo wani tsohon takalmin uwarta da ba a sawa, ta zura hannu ta ciro harsashi guda ɗaya, mai tamoji. Ashe tana da ma'ajiyarta. Ta taho da shi a tafin hannu tana murmushi, irin wanda rabona da gani tun kafin asibiti, ta miƙo mini in gani. Na fizge. Ban san na yi da ƙarfi haka ba. Ta dube ni, ta buɗe baki ta tsandara kuka, da murya, har uwarta ta fito daga kicin a guje da ludayi a hannu.

Sati shida ke nan ban ji muryarta ba, Kawu. Uwarta ta sunkuya za ta ɗauke ta, na riƙe mata hannu na ce ta ɗan bari tukuna. Muka tsaya mu biyu a kanta muna saurare.

A gaida Gwaggo.

Ɗanka,
Dogo